Layin Sa'adu Yana Girei

Mun tashi da asuba daga Bauchi ranar Litinin, ni da abokina da muke haɗa shagon gyaran kwamfuta, a tsohuwar motarsa da ba ta tashi sai an lallashe ta. A kujerar baya na ajiye jakar kayan aiki da laftof ɗina, sai ƙullin tsarabar da uwargida ta haɗa wa Goggo. Masu bin wannan shafi sun saba in kawo musu dabarun gyara da labaran kamfanonin fasaha. Yau labarin tafiya na kawo, kuma ba mai daɗi ba ne. Mai neman abin dariya ya yi haƙuri ya leƙa wani shafin.

Tafiyar nan ni na jawo ta da hannuna. Kwanakin baya na rubuta muku cewa wani babban kamfanin imel ya ce duk akwatin da aka shekara biyu ba a buɗe ba zai goge shi, da wasiƙu da hotuna da duk abin da ke ciki. Ina cin gyaɗa na rubuta, har da zolayar masu akwati goma da ba su riƙe kalmar sirrin ko ɗaya ba. Ashe Adda Hauwa, 'yar Goggona da ke Jimeta, ta karanta wa mahaifiyarta. Goggo yayar mahaifina ce, kuma ba ta cika kiran mutane a waya ba. Ran nan da kanta ta kira ni.

“Wato duk wanda ya yi shiru shekara biyu, su a wurinsu ya mutu?” Abin da ta fara ce min ke nan bayan gaisuwa. Na fara yi mata bayani irin namu na masu gyara, ta katse ni. “Ka zo ka buɗe na ɗan'uwanka kada su goge shi. In ya dawo ya tarar da kayansa.”

Ɗan'uwana shi ne Hamma Sa'adu, ɗanta na fari, wanda saboda kunya ban taɓa jin ta kama sunansa ba. Kayan waya yake sayarwa a Jimeta, kuma shi ya fara koya min riƙe sukundireba lokacin da nake zuwa musu hutu. Ya tafi Mubi kai kaya a makon da 'yan bindiga suka shiga garin. Mutane suka yi ta dawowa, wasu a ƙafa ta daji, wasu ta Kamaru bayan makonni, amma ban da shi. Yau fiye da shekara goma ba gawa ba labari. Ba a yi masa salla ba, ba a yi zaman makoki ba, domin Goggo ta ce ba ta karɓar gaisuwar wanda ba ta ga kabarinsa ba. Abin da ake so a wurina ɗan ƙarami ne: in shiga akwatin sau ɗaya tak, don kamfanin ya ga akwai mai motsi a ciki.

Daga Bauchi zuwa Gombe ba mu sha wuya ba, sai tsadar mai da ta sa abokina yana kashe inji a duk gangare yana salati. A Gombe muka karya da ƙosai da kunu. Ƙosan ya ƙanƙance ƙwarai, har abokina ya ɗaga ɗaya yana tambayar mai suyar ko na gwaji ne. Ta ce ya je ya tambayi mai wake. Daga Kaltungo duwatsu suka fara rakiyarmu, gwanin kyau, amma direba ba ya samun damar kallonsu. Akwai wuraren da an gyara titi sumul, akwai inda za ka ga manyan motoci sun bar kwalta sun buɗe tasu hanyar a gefe, kai ma dole ka bi sawunsu.

Shingayen jami'an tsaro kuwa na daina ƙirgawa. A wani bayan Cham aka ce mu buɗe jaka. Jami'in ya ɗauko wani tsohon had dis, wato ma'ajiyar bayanan kwamfuta, yana juya shi a hankali kamar ƙwai, ga wayoyi ja da baƙi sun leƙo daga jakar. Sai da na kunna laftof na nuna masa hotunan shagonmu kafin fuskarsa ta saki. Ban ga laifinsa ba. A wannan yanki mutum da jakar wayoyi da batura ba abin wasa ba ne. Da zai sallame mu ya tambaye ni me ya sa wayarsa take zafi, na ce ya daina kwana da ita a caji a ƙarƙashin matashi.

A Numan muka tsaya cin kifi. Gasasshe ne da yaji da albasa, kuma shi kaɗai ne abin da na ci a tafiyar nan da ya zauna min lafiya. Abokina ya cinye nasa ya fara kallon nawa, na juya masa baya. Muka wuce Ngurore rana ta karkata, muka shiga Jimeta ana kiran la'asar. Wanda bai san zafin Yola kafin saukar damina ba bai san zafi ba. Iskar da ke shigowa ta taga kamar ta bakin murhu take, ga keke mai ƙafa uku ko'ina, kowa yana ganin shi ne da hanya.

Gidan Goggo yana Gwadabawa, inda kakanninmu fatake suka sauka tun tuni. Ta rame, amma idonta yana nan da kaifinsa. Aka kawo kunun gyaɗa da ruwan randa. Ba ta yi maganar aikin ba sai da ta tambayi kowa na Bauchi ɗaya bayan ɗaya, har jaririn da ba ta taɓa gani ba. Daga nan ta kwance mabuɗi daga bakin zanenta ta miƙa min.

Ɗakin Hamma Sa'adu yana zaure na biyu. A share yake tas, takalmansa a jere, hularsa a kan ƙusa. Kwamfutar tana kan tebur an lulluɓe ta da atamfa. Adda Hauwa ta ce duk wata Goggo take wanke atamfar ta mayar, amma ba wanda ya taɓa kunna na'urar tun ranar da ya fita. Na ce mata sun kyauta, kuma da gaske nake.

Ga abin da na yi ranar Talata da safe, ko zai amfani mai irin wannan a gida. Kwamfutar da ta shekara da shekaru a ajiye ba a fara jona ta da wuta. Buɗe ta ake yi tukuna. Da na kwance murfin na tarar zanzaro ya yi gini har biyu a jikin fanka, ga kashin ƙadangare a kan allon ciki. Da an kunna ta a haka, da hayaƙi za a gani. Na kankare ginin, na share da busasshen buroshi, ban sa ruwa ba, ban hura da baki ba. Na ciro had dis ɗin na kwafe duk abin da ke cikinsa zuwa wani, domin tsohon had dis yakan tashi sau ɗaya ya ƙi na biyu. Na zare ram, wato ɗan siririn allon ƙwaƙwalwar kwamfuta, na goge haƙoransa da abin goge fensir. Na canza ɗan batirin nan mai kama da kwabo, wanda in ya mutu kwamfuta take manta kwanan wata, shafukan intanet kuma su ƙi buɗuwa. Wuta ba ta zo ba, sai da muka aro janareta a maƙwabta, na bi da ita ta sitabilaiza.

Ta tashi. Fankar ta yi kuka kaɗan ta daidaita. Hoton da ya fito a allo Hamma Sa'adu ne a bakin shagonsa, ya ɗaga yatsu biyu yana dariya. Adda Hauwa ta fita daga ɗakin da sauri. Ni ma sai da na ɗan daɗe ina duba wayoyin da ba abin da ya same su.

Burauzar, wato manhajar shiga intanet, ta tsufa, ba shafin da take iya buɗewa, amma ta adana kalmar sirrinsa. Na kwafe ta na koma kan laftof ɗina. Da fargaba na rubuta adireshin, domin in sun riga sun goge, nan take za su ce babu. Ba su ce babu ba. Kalmar sirrin ma ta shiga. Sai shafin ya ce tunda an daɗe, kuma na'urar baƙuwa ce, ya tura lambobi shida zuwa layin wayar mai akwatin. Ya nuna ƙarshen lambar. Layin Hamma Sa'adu ne, wanda ya tafi da shi a aljihu.

Lambar tana cikin wayata har yau, ban iya goge ta ba. Na san kamfanonin waya suna sake sayar da layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba, na sha rubuta muku haka. Goggo ta shiga maƙwabta barkar haihuwa, janareta tana shan man aro, ni kuma ina jin kaina gwani, aiki ya zo ƙarshe. Ban tambayi kowa ba na danna kira. Ta yi ƙara, wani mutum ya ɗauka.

“Salamu alaikum,” na ce. “Don Allah wasu lambobi shida sun shigo wayarka yanzu, karanto min su.”

“Wane ne kai?”

“Daga Gwadabawa nake kira. Layin nan na ɗan'uwana ne a da, ina gidan mahaifiyarsa.”

Sannan ya ce, a hankali, “To. Ashe duk shekarun nan abin da kuke nema ke nan.” Ya kashe. Na sake kira, ya toshe ni.

Adda Hauwa tana bakin ƙofa, ta ɗora hannu a ka. Ita ta faɗa min abin da ya kamata in tambaya tun a Bauchi. Tun da Hamma Sa'adu ya ɓace Goggo take kiran layinsa duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Shekaru ana ce mata a kashe yake. Wata Juma'a, shekara huɗu da suka wuce, sai ya shiga, aka ɗauka. Ta yi ta kuka ba ta iya magana ba. Mutumin bai kashe ba, ya jira ta. Sunansa Malam Bitrus, malamin firamare ne a Girei, mutumin wajen Ganye, a shago ya sayi layin sabo. Ta ce masa layin ɗanta ne da ya yi tafiya. Ya ce ba komai, ta riƙa kira. Tun daga ranar ba Juma'ar da ba su gaisa ba. Yana ce mata Mama. Ta san sunayen 'ya'yansa, ta san lokacin da matarsa ta yi ciwon ƙafa, shi kuma yakan tambaye ta ko ta sha maganin hawan jini.

Ni kuwa na kira shi da kalmomin da kowane ɗan damfara a ƙasar nan yake buɗe baki da su. Ni da nake rubuta muku kusan duk wata cewa ko muryar mahaifinku kuka ji kada ku karanta wa kowa lambobin da aka turo muku. Sauri ya haifi nawa. Kunya ta kama ni irin wadda ban ji ba tun ina yaro.

Da Goggo ta dawo aka faɗa mata. Ta ɗauki wayarta ta kira, ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Ta sake, haka. Ta ajiye wayar a kan tabarma ta gyara mata zama. Na so ta zage ni, da na fi samun sauƙi. Abin da ta ce kawai shi ne, “Da ka tambaye ni.” Sannan ta ce wa Adda Hauwa a zuba mana abinci.

Ni na kawo shawarar mu je Girei, in ba shi haƙuri ido da ido. Ai ba nisa, gada kawai za a haye. Goggo ta ce ba ta so. Na yi mamaki, shekara huɗu kuna gaisawa ba ku taɓa haɗuwa ba? Ta ce ya sha cewa zai zo da iyalinsa gaishe ta, ita take hanawa. “In ina jin murya a layin nan, ina jin murya ne,” in ji ta. “In na ga fuska, na san ba shi ba ne.” Na gane, amma na nace, domin na san in ba ta je ba mutumin ba zai saurare ni ba. Ta dube ni ta ce to, tunda an riga an ɓata.

Ranar Laraba bayan azahar muka ɗauki hanya, Goggo a gaba, ni a baya. Kogin Binuwai ya janye sosai, yashi ya fito fili, masu lambu sun bi ruwan da albasa da alayyafo, mata suna wanki, kwalekwale biyu uku suna lallaɓawa ta inda ya rage zurfi. Abokina ya fara cewa a nan kifi zai yi araha, ya dubi Goggo ya mayar da idonsa kan titi. Muna tsakiyar gada Goggo ta ce rabonta da hawa ta tun kafin abin ya faru. Hanyar Mubi ke nan, ta nan ya bi.

Girei ta cika ta batse, gidajen ma'aikatan jami'a sun ci gonaki, ga unguwannin da waɗanda suka gudo daga arewacin jihar suka kafa suka zauna ke nan. Neman malamin firamare mai suna Bitrus bai yi wuya ba. Mai shayi ya tura mu wurin mai faci, mai faci ya nuna mana lungu. Muka same shi a ƙofar gida ƙarƙashin mangwaro yana duba littattafan yara da jan biro. Siriri ne, furfura ta fara fito masa, gilashinsa an ɗaure ƙafa ɗaya da zare.

Da ya ga baƙuwar mota ya haɗe rai. Goggo ta fito a hankali ta yi sallama, ta ce, “Malam, ya yara? Ya ƙafar maiɗakin?” Biron ya faɗi daga hannunsa. Ya miƙe, ya cire hula, ya rusuna har ƙasa.

“Mama. Kai ne da kanka?”

Ya kawo mata kujera, ya kira matarsa ta kawo ruwa. Goggo ta zauna tana kallon littattafan da ke kan benci. Sau ɗaya na ga ta ɗaga ido ta dubi fuskarsa, ba ta ƙara ba.

Na ba shi haƙuri. Ya ce shi ma a yafe masa, jiya bai ci abinci ba don baƙin ciki. “Wani tica a makarantarmu, haka aka kira shi, ya karanta lamba, albashi duka ya tafi. Da na ji maganarka na ce, kai, ashe wannan Mama ma da shi aka haɗa baki, yana lallashina shekara huɗu. Zuciyana ya ɓaci sosai.” Na ce abin da ya yi shi ne daidai, ni ne na yi wauta.

Da na tsaya a nan da an rabu lafiya. Amma ina so ya tabbata mu ba macuta ba ne, sai na buɗe baki na zuba masa labarin duka: Mubi, da makon da aka shiga garin, da shekara goma ba labari. Ina magana ina ganin fuskarsa tana canzawa, na ɗauka tausayi ne, na ƙara himma. Matarsa da ta kawo ruwa ba ta koma ciki ba, ta tsaya a bakin ƙofa da tire a hannu.

“Mama ya ce min tafiya ya yi,” in ji shi. “Ya mutu ne, ko an tafi da shi?”

“Ba mu sani ba,” na ce.

“To in an tafi da shi, yana wurinsu ke nan.” Ya ciro wayar daga aljihu yana kallonta. “Oga, wannan layi da sunana aka yi rajista. Da hotona, da yatsana. Akwai wani ɗan cocinmu, lambansa kawai aka gani a wayan wani, aka zo aka ɗauke shi. Sai da ya yi wata da watanni. Ya dawo, amma ba ya ji da kunne ɗaya.”

Na ce masa ba abin da zai faru, shiga akwatin imel ne kawai. Ya tambaye ni ko zan iya rantsewa. Ina gyaran kwamfuta, amma ban san wa yake duba me a ƙasar nan ba, kuma shi ma ya ga ban sani ba. Matarsa ta yi masa magana da yarensu, gajeriya. Ya dubi Goggo.

“Tura,” ya ce min. “Saboda Mama.”

Na buɗe laftof a kan gwiwata na tura. Wayarsa ta yi ƙara. Bai karanto ba, miƙo min ya yi in gani da idona. Na rubuta lambobin shida. Akwatin ya buɗe, wasiƙu dubbai da ba a karanta ba, yawancinsu talla.

Na ce wa Goggo an shiga, ba za su goge ba. Na juya mata allon, ta kawar da kai. Ta ce ba a buɗe wa namiji akwatinsa ba ya nan. Na ce to bari in cire wannan layin in sa nata, don ko gaba in sun nemi lambobi su zo wayarta, Malam ma ya huta. Wannan ita ce shawarar da zan ba kowa, kuma na ga Malam Bitrus ya ɗago kai da sauri da ya ji ta.

“Kada ka canza masa komai,” in ji Goggo. “Lambarsa ce. In ya dawo da ita zai nema.”

Na yi mata bayani sau biyu. Ta ce ta ji, a bar shi yadda ya bar shi. A gidanmu ba a yi wa Goggo musu sau uku. Da na iya canzawa a ɓoye, minti ɗaya ne, kuma har yanzu ina tambayar kaina me ya hana ni. Na rufe laftof ɗin.

Malam Bitrus ya rako mu har mota. Ya sa aka tsinko mangwaro cike da leda ya ajiye wa Goggo a ƙafarta. Ya ce, “Mama, Allah ya dawo da shi.” Ta ce amin, Allah ya raya yara. Bai ce sai Juma'a ba, na lura, kuma na san ita ma ta lura. Muka haye gada muka shiga Jimeta. Abokina, da bakinsa ba ya hutawa, ko mangwaro ɗaya bai roƙa ba.

Ranar Alhamis muka juyo. Kafin mu tashi na mayar da murfin kwamfutar na ɗaure, Goggo ta lulluɓe ta da kanta. Ta sa mana albarka, ta ba mu soyayyar gyaɗa da yaji a kai wa yara. Hanyar dawowa ita ce dai ta zuwa, ramukan ba su ragu ba, masu shinge ba su gaji ba. A Numan abokina ya tsaya wurin mai kifin nan, na ce ya ci shi kaɗai. Mun shiga Bauchi bayan magariba, motar ta mutu a daidai ƙofar shago, muka tura ta gefe muka bar ta.

Abin da na koyo ba shi da yawa, kuma bai zo da araha ba. Ku shiga akwatunanku ko sau ɗaya a shekara. Ku sa layi biyu, ɗaya na wanda ba ya tafiya tare da ku. Abin da kuke ƙauna ku kwafe shi ku ajiye a gida, domin kamfanin da ke ƙetaren teku yana da dokar shekara biyu, amma ba shi da ofishin da uwa za ta je ta ce ɗana bai mutu ba, ɓata ya yi. Masu sayar da layi su ma ba sa tambayar ina mai shi ya shiga kafin su miƙa wa wani. Wannan haushinsu ne, kuma ina jin sa har yanzu. Amma nawa laifin ya fi ci min rai. Na san ba a jona tsohuwar kwamfuta da wuta sai an buɗe an ga abin da ya yi gida a ciki, amma na kira lambar da ta shekara goma ban tambayi kowa abin da ke cikinta ba. Garin neman gira na rasa ido, kuma idon ba nawa ba ne.

Akwatin yana nan a buɗe a laftof ɗina. Ina leƙawa in fita, ba na karanta komai. Ranar da suka sake neman lambobi shida, ban san wa zan kira ba.

Jiya Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, ina shago wayata ta yi ƙara. Goggo ce. Ta tambayi yara, ta tambayi ko mun isa lafiya, ko motar ba ta ba mu wahala ba. Sannan ta ce ta kira layin ɗan'uwana, an ce mata a kashe yake. Ta kira sau uku.

Na ce wataƙila caji ne ya ƙare, ko sabis, Girei ai sai a hankali.

“A'a,” in ji ta. “Malam ya cire layin ne. Na san muryar matar nan mai cewa a kashe yake. Shekara shida ina jin ta.” Sannan ta ce, “Kai da ka san kansu, in sun sake sayar da shi, wata nawa yake ɗauka kafin wani ya ɗauka?”

Na faɗa mata gaskiya, na ce yakan kai shekara, wani lokaci ya fi. Ta ce to, ba komai, za ta riƙa gwadawa.